Ɗan Takara Mai Alamar Mataji

Kafinta bai je neman siyasa ba, ita ce ta zo har shagonsa ta same shi da fensir a bayan kunne. A lokacin shekararsa ashirin da huɗu, bai cika wata shida da buɗe shagon kansa a bakin kasuwa ba, kuma duk abin da ya mallaka bai wuce zarto biyu da guduma da wani tsohon teburin aiki da kawunsa ya bar masa ba. A shekarar ce gwamnati ta yanka wa yankinsu mazaɓa ta kansu, ƙauye arba'in da ɗaya, rabi a wannan gaɓar kogi, rabi a tsallake. An ce wanda ya zana iyakar bai taɓa taka ƙafarsa a wurin ba. A taswirarsa kogin wani siririn zare ne shuɗi, sai ya ɗauka ko akuya ma za ta iya tsallake shi.

Wata safiya mutum uku suka shigo shagon suka ce dandamali suke so, wanda ɗan takara zai hau ya yi wa jama'a magana. Kafinta bai taɓa ganin dandamalin siyasa ba, amma bai ce bai iya ba. Ya tambaye su mutum nawa za su hau, suka ce ɗan takara da mutum biyar. Ya ninka a ransa, ya yi na mutum goma sha biyu. Kwana tara ya yi a kansa. Ƙafa takwas ya sa masa, da katako mai kauri, ya yi shi yadda za a kwance shi gunduwa-gunduwa a ɗora a amalanke ko a kwale-kwale, a kai wani ƙauye a sake haɗawa.

Mutanen nan na jam'iyyar Bokiti ne, kuma da aka gama sai suka ce ai haya za su riƙa yi, ba saye ba. Bayan mako ɗaya 'yan jam'iyyar Tsani suka zo da irin wannan buƙata. Kafinta bai ga dalilin ɓata katako ba. Ya ɗauki allon gaban dandamalin ya shafa wa fuska ɗaya shuɗin fenti, ɗayar ya shafa mata rawaya. Ranar taron Bokiti shuɗi ya kalli jama'a, ranar taron Tsani a juya. Kowace jam'iyya ta san da haka, kuma babu wadda ta taɓa ɗaga maganar.

Da yake babu wanda ya san gaɓoɓin dandamalin sai shi, duk inda aka kai shi tare suke tafiya. Da zarar an fara taro sai ya rarrafa ƙarƙashi, ya zauna a kan gwangwanin fenti, guduma a hannu, ƙusa uku a baki, yana kallon katako. Ta haka ya saurari siyasar mazaɓar tun daga farkonta, kuma ta haka ya san 'yan takara ta ƙafafunsu kafin ya san su ta fuska.

Wanda ya fara cin kujerar shi ne Likitan Shanu. Ba likita ba ne, ma'aikaci ne mai yi wa dabbobi allura, amma babu garken da bai shiga ba a ƙauyukan nan, saboda haka babu gidan da ba a san shi ba. Mutum ne siriri mai takalmin roba, in ya hau dandamali wuri ɗaya yake tsayawa kamar an dasa shi, katako ko ƙara ba ya yi. Alkawarinsa ɗaya ne, gada. Mutanen tsallake suka zaɓe shi don su riƙa zuwa kasuwa da asibiti ba tare da sun jiƙa wando ba, mutanen wannan gaɓa suka zaɓe shi don ya taɓa ceto musu saniya. Sau uku yana tsayawa, sau uku yana ci. A shekara goma da ya yi a majalisa sau ɗaya aka ji muryarsa a rediyo, ranar da ya miƙe ya roƙi shugaban majalisa a kashe fanka domin takardunsa suna tashi. An yi mako guda ana maimaita maganar a kasuwa da alfahari. Aka ce ga shi nan, namu ya yi magana, kuma an kashe fankar.

Babban aminin Kafinta shi ne Mai Fito, wanda yake tsallakar da mutane da kwale-kwale, kuma Kafinta ne yake toshe masa shi in ya fara yoyo. Mai Fito ya fi kowa shan wahala ranar zaɓe, domin duk wanda ya tsaya takara, gada yake alkawari, shi kuwa gada ita ce ƙarshen sana'arsa.

"To wa kake jefa wa ƙuri'a?" Kafinta ya tambaye shi wata rana suna cusa auduga da kwalta a tsagar kwale-kwale.

"Ina duba su ne da kyau," in ji Mai Fito. "Wanda ya fi kama da maƙaryaci, shi nake ba."

"Kuma kana dacewa?"

"Har yau ban taɓa kuskure ba, mutumina. Ba ga shi muna gyaran kwale-kwale ba?"

A cikin waɗannan shekaru Kafinta ya auri ungozomar ƙaramin asibitin garin, mace mai ɗan jiki da kaifin harshe, wadda ya fara gani ranar da ya je gyara mata ƙafar gadon haihuwa, ta tsaya a kansa tana gaya masa yadda ake riƙe guduma. Haihuwarsu ta fari tagwaye ne mata, daga nan ita ta zama Uwar 'Yan Biyu a bakinsa, shi kuma Baban 'Yan Biyu a bakinta.

Ana tsakiyar zangon Likitan Shanu na uku sojoji suka rufe majalisa. Ya dawo gida da jakarsa ɗaya, ya koma yi wa shanu allura, kuma waɗanda suka gan shi sun ce ya fi sakin fuska. Shekara bakwai dandamali yana jingine a bayan shago. Ungozoma ta riƙa shanya a kansa, kaji suka riƙa ƙwai a ƙarƙashinsa. Sau biyu ta ce a faskara shi a huta, Kafinta ya ce katako mai kyau ba ya tsufa a banza.

Da aka dawo da zaɓe, sai ga Ɗan Kwangila a jam'iyyar Bokiti. Haifaffen yankin ne, amma a babban birni ya yi ƙiba. Tun ranar farko Kafinta ya gane an samu canjin zamani, domin katakon tsakiya ya lanƙwasa kafin mutumin ya ce uffan. Takalminsa baƙi ne mai tsini, kuma yana da wata ɗabi'a, duk lokacin da ya ce wallahi sai ya buga ƙafar dama. Kowane wallahi yana sassauta ƙusa ɗaya. Kafinta ya koyi bin jawabinsa daga ƙasa, in ya ji an ɗauko maganar gada sai ya matsa kusa da ƙafa ta huɗu ya shirya guduma.

Ɗan Kwangila bai tsaya a baki ba. Saura mako ɗaya zaɓe ya kawo katafila bakin kogi, ta yi ta gurnani tana ture ƙasa daga nan zuwa can, washegari ta mayar da ita daga can zuwa nan. Mutane suka bar gonakinsu suka zo kallo. Mai Fito ya rame a cikin kwana biyar. Aka yi zaɓe Ɗan Kwangila ya ci da rata mai yawa, kwana biyu bayan haka babbar mota ta zo ta ɗauke katafilar, aka ce an kai ta sabis.

Bayan shekara huɗu ya dawo neman zango na biyu, katafila ma ta dawo daga sabis. Babban taron aka shirya a filin kasuwa da hantsi. Yanzu Ɗan Kwangila ba ya tafiya shi kaɗai, yana da masu riƙe masa waya da masu riƙe masa ruwa da masu yi masa tafi, kuma kowannensu yana so a gan shi a sama. Kafinta yana ƙasa yana ƙirga ƙafafu ta tsagar katako. Da ya kai sittin ya daina, ya rarrafo waje ya ja bakin wandon Sakatare, wani dogon mutum mai tabarau wanda shi ne yake juya duk harkar Ɗan Kwangila.

"Ranka ya daɗe, na mutum sha biyu ne fa. Ku sauke rabi."

Sakatare ya leƙo shi ta saman tabarau. "Wa zan sauke? Wannan ƙanen matarsa ne, wancan shi ya kawo motoci. Koma ƙasa ka riƙe, aikinka ke nan."

Kafinta ya koma ya sa kafaɗa ya tokare ƙafa ta huɗu. A sama Ɗan Kwangila ya ɗauki zafi. Ya ce a wannan karon ba alkawari yake yi ba, sanarwa yake yi. Ya ce in damina biyu ta wuce ba su taka gada da ƙafarsu ba kada su sake kiransa da sunan ubansa. Sannan ya ɗaga hannu sama ya ce, "Wallahi in ƙarya nake yi, ƙasa ta haɗiye ni a nan!" Ya buga ƙafa.

Kafinta ya ga baƙin takalmi ya wuce ta gaban hancinsa. Ɗan Kwangila ya nutse har ƙugu ya maƙale, rabinsa a sama riƙe da lasifika, rabinsa a ƙasa yana harbin iska. Sauran suka gangaro ta gefe kamar buhuna. Babu wanda ya karye, sai wata tsohuwa mai sayar da gishiri ta fara dariya, daga nan babu wanda ya iya tsayar da kowa.

Kafin azahar Kafinta yana ofishin 'yan sanda bisa zargin zagon ƙasa. Kwana biyu ana tambayarsa wa ya sa shi. Kwana biyu yana roƙon a ba shi takarda da fensir ya zana musu yadda nauyi yake sauka a kan katako. A rana ta uku Ungozoma ta zo da kayan aikinta a jiki, ta wuce kantar 'yan sanda ba tare da ta gaida kowa ba, ta tsaya a gaban babban jami'in.

"Yallaɓai, 'ya'yanka nawa na karɓa da hannun nan?"

Ya sunkuyar da kai. "Huɗu, Mama."

"Na biyar yana hanya, wata mai zuwa. In kana so ka karɓe shi da kanka, ka ci gaba da riƙe mini miji."

Da Kafinta ya fito sai ya tarar da 'yan Tsani cike da bakin titi. Kafin ya yi magana sun ɗaga shi sama a kafaɗa. Yana ta kaɗa hannu yana cewa, "Ku sauke ni, ban yi komai ba, katako ne ya gaji!" Wani ya ji ya maimaita da ƙarfi. Kafin su kai kasuwa duk garin yana ihu, katako ya gaji, katako ya gaji. Aka rubuta shi a bango, aka rubuta shi a bayan motoci. Ɗan takarar Tsani, wani Hedimasta mai ritaya wanda ko jam'iyyarsa ba ta sa rai zai ci ba, ya tashi da kujerar.

Hedimasta mutumin kirki ne, kuma wannan ya zame wa mazaɓar sabon abu da ba ta san yadda za ta yi da shi ba. Bai sayi mota ba. Duk ƙarshen wata yana dawowa a motar haya da jaka cike da kwafin wasiƙun da ya rubuta wa ma'aikatar ayyuka, ya tara jama'a ya karanta musu ɗaya bayan ɗaya, har da kwanan wata da lambar fayil. Kafinta, wanda ya sake wa dandamali sabon katako, yana jin minsharin mutanen layin gaba daga inda yake zaune. A shekara huɗu Hedimasta ya samo wa makarantu bencina, ya sa aka kawo wa asibiti firij na ajiye allura, kuma wani injiniya ya zo da gaske ya auna kogin ya kafa turaku masu jan kai. Mutane suka ce turaku dai ba gada ba ne, gara ma katafila, ita aƙalla tana ƙara.

Saura wata huɗu zaɓe Sakatare ya shigo shago da rana tsaka, ya share ƙurar katako daga benci da hankici ya zauna. Ya ce ya bar Ɗan Kwangila, sun ɓata, yanzu shi gaskiya kawai yake bi. Ya ce ya zagaya ƙauyukan nan duka, kuma suna ɗaya yake ji a bakin talakawa.

"Wa ya kayar da mu wancan karon? Hedimasta? Mutumin da in ya yi sallama ma sai ka yi hamma? Kai ne, Malam Kafinta. Maganarka ce a bango har yau. Kai ka yi aikin, wani ya hau kujerar."

Kafinta ya yi dariya ya ce shi da ko firamare bai gama ba. Sakatare ya ce Likitan Shanu da ya gama, me ya faɗa in ban da a kashe fanka? Ya tafi ya bar shi da wannan. A ranar Kafinta ya yanke ƙofar wani gajeriya da inci biyu, abin da bai taɓa yi ba tun yana koyo.

Da safe suna shan shayi ya gaya wa matarsa. Ta ajiye kofi ta dube shi kamar yadda take duban mai ciki da ta ce ba ta san tana da ciki ba.

"Baban 'Yan Biyu, mutumin da ya sa aka kulle ka, shi ne yau ya gano kai shugaba ne?"

"Ya ce sun ɓata."

"Sun ɓata, amma motar wa ya zo da ita? Ƙuri'un Hedimasta suke so ka gutsura, shi ke nan."

"To ni ba mutum ba ne? Shekara ashirin da biyar ina ƙarƙashin ƙafafunsu. Babu ƙaryar da ban ji ba. Ko sau ɗaya ba zan hau in ga yadda filin yake daga sama ba?"

Ba ta taɓa jin ya yi magana haka ba. Can ta ce, "Hau. Amma kada ka taɓa mini kuɗin cefane, kuma kada ka yi wa kowa rantsuwa."

A ofishin zaɓe aka ce ɗan takara mai zaman kansa sai ya zaɓi alama. Ya ce guduma, aka ce an riga an ba wani a wata mazaɓa. Ya ce zarto, aka ce ya yi kama da makami. Ma'aikaciyar ta juyo masa da takardar abin da ya rage: cokali, safa, mataji. Ya cire hula don ya sosa kai yana tunani, sanƙonsa ya haska ɗakin, ma'aikaciyar ta toshe baki da fayil. Ya zaɓi mataji, domin a ganinsa shi ne ya fi kusa da zarto, yana da haƙora.

Taronsa na farko a tsallake aka yi. Mai Fito ya kai shi da dandamalin. Da Kafinta ya hau, sai ya kasa daina sauraron katakon da yake takawa. Mutum kamar ɗari ne suka zo, yawancinsu don su ga mai sanƙo da mataji. Ya manta duk abin da Sakatare ya rubuta masa. Ya riƙe lasifika da hannu biyu ya ce, "Jama'a, ni dai ba zan iya gina muku gada ba."

Jama'a suka dubi juna. Babu wanda ya taɓa jin irin wannan a kan dandamali. Shi kuwa da ya ga bai mutu ba sai ya ci gaba da abin da ya sani. Ya faɗi faɗin kogin a inda ya fi ƙunci. Ya faɗi zurfin da za a haƙa kafin a samu ƙasa mai ƙarfi. Ya ce katafila ɗaya ba ta gina gada ko ta shekara tana gurnani, kuma ɗan majalisa ba shi da ko buhun siminti ɗaya a ofishinsa, sai dai ya roƙa. Ya ce in sun tura shi zai roƙa, in an hana shi zai dawo ya ce an hana shi. Da ya sauka Mai Fito ya rungume shi yana hawaye. Daga ranar ya lulluɓe kwale-kwalensa da hoton mataji, ya zama shugaban kamfe ba tare da an naɗa shi ba. Duk wanda ya shiga sai ya sha wa'azi har tsakiyar ruwa, inda babu damar sauka.

Labari ya bazu cewa akwai ɗan takarar da ba ya alkawari. Mutane suka riƙa zuwa daga nesa su ji da kunnensu. Tagwayensa, waɗanda yanzu ɗaya tela ce ɗaya malamar makaranta, suka ɗinka masa tuta. Masu aski suka ce alamar tasu ce, suka bi shi gaba ɗaya. Saura mako biyu Sakatare ya dawo shago, wannan karon bai share benci ba. Ya ce abin ya isa haka, ya janye, an gode. Ashe matajin ya fara taje 'yan Bokiti ma.

"Ai ka ce kun ɓata," in ji Kafinta.

"Mun shirya."

"To ni ma na shirya. Sai ranar zaɓe."

Ɗan Kwangila ya samu ƙuri'a dubu shida da ɗari biyu. Hedimasta ya samu dubu biyar da ɗari tara. Kafinta ya zo na uku da dubu uku da ɗari huɗu, abin da wani mai zaman kansa bai taɓa samu ba a yankin. Ko wanda bai iya lissafi ba ya ga inda ɗari ukun Hedimasta suka tafi. Waɗanda suka yi masa tafi jiya su ne suka fara cewa an saye shi. A taron murna Sakatare ya ambaci sunansa a lasifika ya yi masa godiya ta musamman, kuma a kan dandamalinsa ya yi hakan.

Kwana uku Kafinta bai buɗe shago ba. Ya tambayi matarsa ko ita ma Hedimasta ta jefa wa.

"Kai na jefa wa mana," ta ce tana ninke kaya. "Mijina ne a takardar. Amma ina jefawa ina roƙon Allah kada ka ci, Hedimasta ya koma. Ka ga an amsa mini rabi, an bar ni da rabi."

A rana ta huɗu yana buɗewa sai ga Hedimasta a bakin ƙofa da jakarsa. Kafinta ya rasa inda zai sa idonsa. Tsohon ya gaishe shi da kyau, ya ce kanta yake so ta ajiye takardu, mai hawa biyar, domin yanzu ya samu lokacin jera wasiƙunsa. Kafinta ya ɗauko tef ɗin awo yana tambayar tsawo da faɗi. Can ya kasa daurewa.

"Malam, ka yafe mini. An yi amfani da ni."

"An yi," in ji Hedimasta. "Amma na je taronka sau biyu, na tsaya a baya. Abin da na shekara huɗu ina karanta musu suna barci, shi ka faɗa a minti goma suna tafi. Da na iya magana kamarka, ko kai ka iya wasiƙa kamata, da an samu ɗan majalisa guda ɗaya." Ya gyara jakarsa. "Fayil ɗin gadar ya kai teburi na ƙarshe. Ko da za a sa hannu in na koma, ban sani ba. Kada ka ɗora wa kanka abin da ni ma ban sani ba."

Kafinta ya yi kantar da katakon da ya fi kowane kyau a shagon, bai sa mata ƙusa ko ɗaya ba, sassaƙa gaɓoɓin ya yi suka shiga juna. Ya kai ta da kansa a amalanke.

Ɗan Kwangila bai ko dawo da katafila ba. A shekararsa ta uku aka yi ƙidaya, aka ce mutanen yankin sun ragu, matasa sun tafi birni, ƙauye arba'in da ɗaya ba su kai a ba su kujera ba. Hukumar iyakoki ta zauna ta raba mazaɓar biyu, kuma wannan karon wanda ya riƙe fensirin ya ga kogin sarai, domin a kansa ya ja layin. Wannan gaɓa aka haɗa ta da babban garin gabas, tsallake aka haɗa shi da na yamma. Shekara ashirin da tara, zaɓe shida, 'yan majalisa uku, aka rufe littafin. Daga ranar babu ɗan takarar da ya sake ambatar gada, domin duk wanda ya gina ta rabin amfaninta na mazaɓar wani ne.

Sai da zaɓe na gaba ya zo aka gano wani abu. Lokacin sabuwar rajista Kafinta yana tsallake yana yi wa wata makaranta rufi, a can aka rubuta shi. Ungozoma kuwa a gida aka rubuta ta. Miji da mata, ɗaki ɗaya, 'yan majalisa biyu. Ya je ofis sau uku a gyara, aka ce ya dawo bayan zaɓe, bayan zaɓe aka ce ya dawo kafin zaɓe. Ya haƙura. Duk ranar zaɓe sai ya sa hularsa mai kyau ya gangara bakin kogi, ya tsallaka ya jefa wa wanda bai taɓa ganin ko takalminsa ba, ya dawo. Yara suna kiransa Onarabul Mataji, yana amsawa.

Ya rasu yana da shekara sittin da takwas, da damina, bayan jinyar mako biyu. Mutane suka cika layin har bakin kasuwa, har da waɗanda suka ce an saye shi. Wani daga cikin surukansa ya ga ya dace a sanar da hukuma, tunda tsohon ɗan takara ne, sai ya buga waya ofishin ɗan majalisar gabas. Aka duba aka ce Allah ya jiƙansa, amma ba ɗan mazaɓarsu ba ne, a tuntuɓi yamma. Ya buga yamma, aka ce lallai sunansa yana rajistarsu, amma tunda a gabas ya rasu, gabas ce ya kamata ta aiko. Surukin ya shigo ɗaki ransa a ɓace ya gaya wa Ungozoma, wadda take zaune a tsakanin 'ya'yanta tana karɓar gaisuwa.

"Bar su, ɗana," ta ce. "Da sun zo sai mun nemo musu kujeru, kuma sai sun yi jawabi. Je ka duba ko mutanen waje sun samu ruwa."